Yadda na je kallon gasar motokuros ta ƙasashe a Matterley Basin, da abubuwan da suka ɗaure mini kai

Na yi shekaru ina bin tseren motokuros a waya, wato tseren baburan nan masu dogayen ƙafafu da ake yi a kan tabo da tuddai, amma ban taɓa jin rurin injinsu da kunnena ba sai a watan Oktoban 2024. Na zauna na rubuta wannan ne saboda duk wanda yake da niyyar zuwa wata rana. Tun daga sayen tikiti har zuwa ƙirga maki a ranar ƙarshe, kusan kowane mataki sai da ya ɗaure mini kai, kuma rabin ruɗanin nan, da a ce na san tarihin gasar, da ban shiga shi ba.

Ruɗanin farko tun ina gida ya same ni. Na ga sanarwa cewa za a yi Motocross of Nations a Matterley Basin, kusa da garin Winchester a kudancin Ingila, daga 4 zuwa 6 ga Oktoba, sai na ɗauka a nan ne za a naɗa zakaran duniya na shekara. Ashe gasa biyu ce daban, ko da yake duka suna ƙarƙashin hukumar tseren babura ta duniya, FIM. Ta farko ita ce MXGP, wadda ake zagaya ƙasashe da ita tun daga watan Maris har Satumba, kowane ɗan tsere yana tara wa kansa maki. Ta 2024 an rufe ta a Sifen mako guda kafin tafiyata, inda Jorge Prado ɗan Sifen ya riƙe kambinsa da 'yar tazara a kan Tim Gajser na Sulobeniya. Ta biyu kuwa, wadda zan je, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma tuta ake kare wa. Kowace ƙasa ta kawo mutum uku. Da na gane haka sai da gwiwata ta ɗan yi sanyi, don ina ganin kamar na zaɓi ƙaramar. Daga baya na fahimci ita ce ma babbar yaya, kuma a nan ake haɗa gwanayen Turai da waɗanda suke tsere a Amurka a bayan shinge ɗaya.

Maganar biza ba ta ba ni wahalar da na zata ba. Bizar ziyara ta wata shida na nema, kuɗinta a lokacin fam 115. Ana cike takardar a intanet, a biya, sannan a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Na haɗa da fasfo, da bayanan asusun banki na 'yan watanni, da wasiƙar wurin aiki mai nuna an ba ni hutu kuma zan dawo, da shaidar tikitin gasar. Ba a karɓar buƙata sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa da haka, kuma sun ce a ba su kamar mako uku. Haka kuwa aka yi. Makonnin nan uku na yi su ne ina duba saƙonni safe da yamma, don na ƙi sayen tikitin jirgi sai na ga fasfo a hannuna, farashi kuma yana ta hawa ina kallo.

Tikitin gasar ne ya zo da nasa salon. Akwai na shiga fili, akwai na kwana a sansanin tantuna, akwai na ajiye mota, akwai kuma na shiga zangon 'yan tsere, inda manyan motocin ƙungiyoyi da kanikawa suke. Kowanne da kuɗinsa. Ni na sayi na shiga fili da na tanti, na ɗauka shike nan na gama. Sai da na isa na gane na zangon daban ne, na ƙara kuɗin da ban tsara ba. Ban yi nadama ba ko kaɗan, amma da na sani tun farko da na sa shi cikin lissafi.

Ranar Juma'a da safe na hau jirgin ƙasa daga tashar Waterloo a Landan, kamar awa ɗaya sai ga ni a Winchester. Daga tasha zuwa filin ba nisa sosai, sai dai gona ce a bayan gari, ba wurin da za ka taka da kaya a kafaɗa ba. Mu huɗu muka haɗa kuɗin tasi, ni da wasu samari uku 'yan Holan sanye da kaya masu launin ruwan lemo tun daga hula har safa. Tun kafin mu kai muka tarar da layin motoci masu ɗakin kwana, lambobinsu na Faransa da Beljiyam da Jamus da Italiya, ana tafiya kamar hawainiya. A ƙofa aka duba lambar tikiti a wayata, aka leƙa jaka, aka ɗaura mini warwaron roba a hannu, aka ce kada in cire shi sai zan tafi gida. Na fi awa ɗaya a wannan layi. Abin da ya cece ni shi ne na ɗauki hoton tikitin tun a gida, domin intanet a wurin ya cushe saboda yawan jama'a, na ga mutane suna ɗaga waya sama suna neman layi.

Da na kafa tanti na hau gefen tudu na leƙa, sai na gane dalilin da ya sa ake yabon wurin. Kwari ne mai faɗi kamar ƙwarya, hanyar tseren tana hawa tana gangarowa a cikinsa, mai kallo yana daga sama yana ganin kusan duka. Ƙasar wurin fara-fara ce mai alli, da ƙananan duwatsu a ciki. Da yamma aka gabatar da ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, sama da 30, aka kuma yi ƙuri'ar da za ta nuna wanda zai fara zaɓar gurbi a shingen tashi ranar Asabar. Hayaƙi mai launi ya turnuƙe, ga ƙaho, ga wasu sun zo da injin yankan katako da aka cire wa sarƙa suna ta murza shi don ƙara kawai. Wanda ya ce zai zo Lahadi da safe ya kalli tsere ya koma, wannan daren ya wuce shi.

A daren ne na haɗu da mutumin da ya buɗe mini ido. Wani dattijo ne Bature ɗan Ingila, tantinsa yana jikin nawa, ya haura saba'in, hannuwansa duk tabon aikin inji. Ya ga ina juya takardar jerin 'yan tsere ina yamutsa fuska, don na kasa gane dalilin da ya sa lambobin da na saba gani a jikin baburansu duk sun canja. Na ce masa, “Baba, me ya sa Jett Lawrence na Ostireliya yake ɗauke da lamba 6?” Ya yi murmushi ya ce a wannan gasa lamba ta ƙasa ce. Wadda ta ci bara ita ke ɗaukar 1 da 2 da 3, ta biyu ta ɗauki 4 zuwa 6, haka har ƙasa. Faransa ta ci a Ernée a 2023, Ostireliya ta zo ta biyu, don haka da ka kalli lamba ka san matsayin ƙasar a bara. Daga nan hira ta ɓarke har sanyi ya kore mu.

Ya ce in sani a ƙasar da aka haifi wasan nake zaune, kuma a shekararsa ta ɗari. A 1924 aka yi tseren farko irin wannan a Camberley, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga inda muke ba. Kafin nan gasar da Ingilawa suka saba ita ce ta gwanintar bin hanya mai wuya ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba. Sai wasu suka ce a bar ƙirga kuskure, wanda ya riga kowa isa shi ya ci. Suka kira shi sikirambul. Da wasan ya haye teku zuwa Faransa da Beljiyam sai ya samo sunan da duniya ta san shi da shi yau. Gasar ƙasashe an fara ta a 1947 a Wassenaar ta ƙasar Holan, ƙasashe uku kacal, Holan da Beljiyam da Birtaniya, Birtaniya ta ci. Gasar mutum ɗaya kuwa sai 1952 aka kafa ta a matsayin gasar Turai ta babura masu inji 500cc, ta zama ta duniya a 1957, Bill Nilsson ɗan Suwidin ya zama zakara na farko. Ajin 250cc ya samu matsayin gasar duniya a 1962, na 125cc a 1975. Ka ga kofin da muka zo kallo, wanda ake kira kofin Chamberlain, ya girmi kambin duniya da shekara goma.

Asabar da safe na shiga zangon 'yan tsere, kuma a nan ne maganganun dattijon suka zauna mini. Na tsaya a bakin igiya ina kallon wani bakanike yana shirya babur. Ya wanke shi da injin feshi har ƙarfen yana walƙiya, ya zare shokazoba ta baya ya miƙa wa wani da ba ya taɓa komai sai ita, ya ɗauko sabuwar taya mai manyan haƙora. A gefe wani yana jera siraran ledoji a kan gilashin tabarau, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda ɗan tsere zai riƙa fizgewa idan tabo ya rufe masa ido. Ba mai magana da ƙarfi, kowa ya san aikinsa. Dattijon, da muka shiga tare, ya nuna shokazobar ya ce tarihin wasan nan rabinsa a jikin ƙarfe yake. A farko manyan baburan Ingila masu inji mai bugu huɗu ne suke mulki, masu nauyi, Jeff Smith ya ci duniya da babur ƙirar BSA a 1964 da 1965. Sai masu bugu biyu suka shigo, CZ daga Cekosulobakiya da Husqvarna daga Suwidin, marasa nauyi, masu saurin zabura, Paul Friedrichs na Jamus ta Gabas ya ci 500cc sau uku a jere daga 1966. Sannan Japan ta iso. Joël Robert ɗan Beljiyam ya ba Suzuki kambin 250cc a 1970, karon farko ga kamfanin Japan, kuma shi kansa ya tara kambi shida. A 1973 Håkan Andersson ya ci da Yamaha mai shokazoba ɗaya a baya, daga nan kowa ya shiga tsawaita ƙafar babur, tsallen da a da zai karya mutum ya zama abin yau da kullum. Mai bugu huɗu bai sake cin babban aji ba sai 1993, a hannun Jacky Martens. Yau kuwa shi ne ya mamaye ko'ina, 450cc a babban aji na MXGP, 250cc a ƙaramin aji na MX2.

A wajen rumfar Amurka jama'a sun yi cincirindo, na hango wani tsoho mai furfura yana tsaye shiru da abin sauraro a kunne. Roger De Coster ke nan, ɗan Beljiyam da ya ci 500cc sau biyar tsakanin 1971 da 1976, shekarunsa 80 a lokacin. Shi ne ya jagoranci samarin Amurka huɗu a 1981, lokacin da Turai ba ta ɗauke su a bakin komai ba, suka zo suka ci. Daga nan Amurka ta riƙe kofin shekara 13 a jere, har sai da Birtaniya ta karya ta a Roggenburg ta Siwizalan a 1994. Dattijon nawa ya faɗi sunayen mutum ukun da suka yi wannan aiki kamar yana karanta sunayen 'ya'yansa, Kurt Nicoll da Rob Herring da Paul Malin, ya kuma ce tun daga ranar ƙasarsa ba ta sake ɗaga kofin ba. Gaskiya jikina ya yi sanyi da na ga mutumin da nake karanta labarinsa yana tsaye taku goma daga gare ni. Wani abin da ban sani ba sai a ranar shi ne nahiyar Afirka ma tana da nata zakarun. Greg Albertyn na Afirka ta Kudu ya ci 125cc a 1992, ya ci 250cc a 1993 da 1994, Grant Langston ya biyo baya a 2000, Tyla Rattray a 2008.

Tseren neman gurbi na Asabar kowane aji shi kaɗai yake yi, MXGP da MX2 da ajin da ake kira Open, wanda ɗan tsere yake da zaɓin girman inji. Ƙasashe 19 ne suke wucewa kai tsaye. Sauran sai su jira Lahadi da safe su yi tseren dama ta biyu, wadda ta ci ta cike gurbi na 20. Kada ka raina wannan tsere na safe. Ƙananan ƙasashe ne, wasu uba ne bakanike, ƙane ne mai riƙe allon sanarwa, sun yi tafiyar kwanaki da kuɗin aljihunsu don minti ashirin da 'yan kai. Ni a nan na fi ganin zuciya.

Ranar Lahadi gari ya tashi da hadari, aka yi ta yayyafi, ƙasar allin nan ta zama santsi. Takalmin da na zo da shi bai dace ba, kafin azahar ƙafata ta jiƙe sharkaf, na sayi takalmin roba mai dogon wuya a wata rumfa da tsadar da ba zan manta ba. Na kama wuri a gefen tudu tun da hantsi, inda nake ganin shingen tashi da kwanar farko da babban allo. Tsere uku ake yi, kowanne minti 30 da ƙarin zagaye biyu, kowanne kuma aji biyu ake haɗawa, babura 40. Lokacin da aka ɗaga allon daƙiƙa biyar, injuna arba'in suka ɗauki ruri lokaci guda, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata, ƙarfen ya faɗi, suka dunƙule zuwa kwana ɗaya da ba za ta ɗauki ko rabinsu ba. Waya ba ta taɓa nuna mini wannan ba. Ba ta kuma nuna zurfin ramukan da tayoyi suke tonawa, waɗanda kafin tsere na uku sun kai gwiwa a wasu wurare.

A nan ne babban ruɗanin ya zo, kuma shi na fi so mai karatu ya riƙe. Gajser ya ci tseren farko, na ɗauka Sulobeniya ce a gaba. Ba haka ake ƙirgawa ba. Matsayin da ka zo shi ne makinka, na ɗaya maki 1, na ashirin maki 20. Kowace ƙasa tana da sakamako shida, a jefar da mafi muni, a haɗa biyar, wadda makinta ya fi ƙanƙanta ita ta ci. Dattijon ya ciro fensir da guntun kwali, muka shiga lissafi tare. A ɓangaren Ostireliya, a tseren farko Hunter Lawrence ya zo na 8, Kyle Webster na 11. A na biyu Jett ya zo na 1, Webster na 19, wanda muka san shi za a jefar. Aka shiga na uku ba wanda zai iya rantsewa, Amurka da Holan da Ostireliya duk suna da rai. Jett da Gajser suka kafsa a gaba, ɗan shekara 21 da zakaran duniya sau biyar, a zagayen ƙarshe saura kwana kaɗan Gajser ya kutsa ya wuce shi, kwarin nan gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Mutane da yawa a kusa da ni sun ɗauka Ostireliya ta rasa. Mu kuwa idonmu yana kan Hunter, wanda ya shigo na 4 a bayan Eli Tomac na Amurka. Muka haɗa 8 da 11 da 1 da 2 da 4, ya ba da 26. Amurka 29, Holan 36. Karon farko ke nan da Ostireliya ta ci kofin tun da aka fara a 1947, kuma na 11 ɗin da Webster ya ƙwato a kan ƙaramin babur a tsakiyar manya yana cikin abin da ya kawo shi, ko da yake kyamara ba ta bi shi ba.

Dattijon ya ce a wannan kwari ya ga Stefan Everts a 2006, shekarar da ya yi ritaya da kambin duniya goma, yana tsaye a kan matakan babur ya zagaye James Stewart na Amurka ta waje, ya ci tserensa biyu, amma Amurka ta tafi da kofi. A 2017 ma a nan Max Anstie ɗan gida ya ci biyu cikin tabo, Faransa ta ɗauka. Na Gajser shi ne na uku da ya gani a wuri ɗaya.

Fita ta fi shiga wuya. Dubban motoci ne a kan ciyawa jiƙaƙƙiya, hanyar fita kuma ƙanƙanuwa. Tasin da na yi magana da shi ya kasa isowa, wayata saura ƙiris ta mutu, na tsaya cikin duhu da tanti a kafaɗa raina a ɓace. Wasu iyali 'yan Beljiyam ne suka tausaya suka rage mini hanya zuwa tasha, na samu jirgin Landan da ƙyar. Da zan sake, zan kwana har Litinin, tunda kuɗin tantin na riga na biya.

Wanda zai je, ya fara tabbatar da wacce gasa yake nufi, kuma ya duba ƙasar da za a yi ta a shekarar, don kowace shekara wuri ake canjawa, biza ma ta canja tare da shi. Ya nemi biza da zarar saura wata uku, ya sayi tikitin zangon 'yan tsere tare da na shiga, ya ajiye hotonsu a waya ya kuma buga a takarda. Ya tafi da takalmin roba da rigar ruwa da abin toshe kunne da batirin cajin waya. Abinci da ruwa a cikin fili suna da tsada, layinsu kuma yana cin tsere guda idan ba ka yi dabara ba, gara ka saya tun ana gwaji da safe. Ya isa ranar Juma'a. Kafin ya tashi daga gida ya haddace lambobin ƙasashen da yake so, don a cikin tabo ba a gane fuska ba a gane riga, lamba kaɗai ake gani, ita ma wani lokaci sai an ƙura ido. Sannan ya sa fensir da 'yar takarda a aljihu, ya ja layi shida a gaban kowace ƙasa. Babban allo yana nuna jimilla, amma tana sauyawa duk zagaye, kuma lasifika ba ta jiyuwa idan masu injin yankan katako suka tashi nasu.